Bashin rage tumbi

 

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, akwatunan mata sun ga buƙatu iri-iri, namu ma ya ga rabonsa. A shekarun da muka yi muna zama kowace Laraba, mun ba da bashin gyaɗar ƙuli-ƙuli, na tunkiyar kiwo, na buhun siminti, na kuɗin lakkol, har na cire haƙori mun taɓa bayarwa. Bana sai ga buƙatar da ba mu da ko sunanta a littafi. Ɗaya daga cikinmu, wata Hajiya mai sayar da atamfa da turare, shekarunta 46, ta nemi a ranta mata kuɗi ta je ƙasar waje a rage mata tumbi. Ta yarda mu rubuta maganar, da sharaɗin ba za a faɗi sunanta ba. Mun ga ya dace a rubuta, don tallar wannan aiki ta fara yawo a wayoyin mata, kuma abin da ya zo gabanmu bana, baɗi zai iya zuwa gaban wani akwati a Tawa ko Damagaram.

Da ta faɗa, wuri ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Innarmu, wadda ta fi kowa shekaru a ƙungiya, ta riƙe haɓa ta ce: "Mi? Mutane na biɗar jiki da kuɗinsu, ke kuma ki kai kuɗi a ɗebe miki? Ɗiyata, wa ya yi miki wannan huɗuba?" Ba wanda zai ga laifin Inna. Mu duka a haka muka tashi. Amarya in ta yi wata uku ba ta ciko ba, dangi sai su fara tambaya ko lafiya. Mai jego in ta gama arba'in ta koma ɗakinta da wuya a murje, an yaba wa uwarta. Ƴan uwanmu Zabarmawa har suna gare su na wannan kiwo, hangandi. Mace mai jiki, a idonmu, ita ce wadda aka riƙe da kyau, mijinta ya fita kunya.

Amma Hajiya ba don ado ta yi maganar ba. Nauyinta kilo 118. Shekara bakwai tana fama da ciwon sukari, ga tansiyo, ga gwiwoyi da suka ƙi. A zaune take sallah. Da ta je Makka a keken turawa ta yi ɗawafi, abin da har yau in ta tuna sai ta yi ƙwalla. Da dare tana minshari har numfashi ya ɗauke, ta farka a firgice, da rana kuma barci ya sace ta a shago da ciniki a gabanta. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne mahaifiyarta, wadda ciwon sukari ya ci ƙafarta har aka yanke, ta rasu bayan shekara biyu. Ta ce mana: "Ni hanyar nan nake gani a gabana, kuma autata ba ta gama firamare ba." Daga nan ba wadda ta ƙara dariya.

Ba mu ce e ba, ba mu ce a'a ba. Muka naɗa mutum uku su bi diddigi: mu da ke riƙe da littafi, da ma'ajiya, da wata ƴar ƙungiya tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya daga matanite. Aka yi sa'a ƙanwar ma'ajiyarmu tana aure a Faransa, kuma shekara biyar ke nan da aka yi mata irin wannan aiki. Mako uku muna aika mata saƙon murya tana amsawa, ungozoma na fassara mana takardun da ta turo. Abin da ke tafe daga nan ya fito.

Ba kowace mai jiki ake yi wa aikin ba. Lokotoro suna da lissafi, da Faransanci IMC suke ce masa. A ɗauki tsawon mutum da mita a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da ya fito. Hajiya tsawonta mita 1.62. In an ninka ya ba da 2.62 da ɗan ɗoriya, in an raba 118 da shi ya ba da 45. Daga 18.5 zuwa 25 shi ne daidai, daga 30 an shiga ƙibar da suke ɗauka cuta. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi tun 1991 ita ce a yi aiki ga wanda ya kai 40, ko ya kai 35 tare da ciwo irin sukari, tansiyo ko ɗaukewar numfashi a barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin masu wannan tiyata sun sassauta, suka sauko da iyakar ƙasa kaɗan. Ko ta wace ƙa'ida aka bi, Hajiya ta shiga. Ranar da muka koyi lissafin nan, kowace ta jawo waya tana buga nata a ɓoye, wasu suka mayar da waya jaka ba su ce komai ba.

Shi kansa aikin, ungozoma da ragon Layya ta yi mana misali, tun da ba wadda ba ta taɓa wanke kayan ciki ba. Maƙogwaro ya sauka cikin tumbi, tumbi ya zuba cikin ƙaramin hanji, shi kuma ya zuba cikin babba. Na rago ɗaki huɗu ne, na mutum jaka ɗaya ce, mai ɗaukar lita guda ko fiye. A aikin da ake kira baifas, wato kewaye, sai a datse saman tumbin a yi ƴar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba. A yanko ƙaramin hanji daga ƙasa, a jawo shi sama a ɗinke da ƴar jakar. Babban tumbin yana nan a ciki, ba a cire shi ba, amma abinci ya daina bi ta cikinsa, ya daina bi ta farkon hanji. Ruwan tumbi da na madaciya sukan haɗu da abinci can gaba, bayan kamar mita guda ko ɗaya da rabi. Akwai wani aikin, silib, wato hannun riga, wanda a cikinsa ake yanke kusan kashi uku cikin huɗu na tumbin a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siriri kamar ayaba. Yanzu ba tsaga ciki ake yi ba, ƴan huji ne huɗu ko biyar, a zura kyamara da ƙarafa. Ba sabon abu ba ne: wani lokotoro a Amurka, Edward Mason, shi ya fara baifas a shekarun 1960, aka fara yinsa ta huji a 1993.

Kuma yana aiki, wannan sai a faɗa. Yawanci mutum kan sauke kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ciwon sukari kan lafa ga mutane da yawa, wani lokaci cikin kwanaki kaɗan, tun kafin a ga rama, saboda sauya wa abinci hanya yana sauya yadda hanji ke aika saƙo ga sauran jiki. A Suwidin an bi mutum fiye da 4,000 tun daga 1987, rabi an yi musu aiki rabi ba a yi ba, aka tarar waɗanda aka yi wa sun fi sauran tsawon rai da kamar shekara uku a matsakaici. Rai na hannun Allah, amma sababi ne. Ƙanwar ma'ajiya ta ce mata: "Yaya, ni ban yi da-na-sani ba ko na kwana ɗaya. Na ajiye allurar sukari, ina hawa bene, ina sujada da goshina a ƙasa. Amma ki gaya wa Hajiya, aikin awa biyu ne, hidimarsa har mutuwa."

Wannan hidimar ce ta fi ɗauke mana hankali, don da muka ɗora ta kan rayuwarmu ta nan sai muka ga wuraren da ba ta zauna ba.

Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, romo da aka tace da nono marar sukari, cokali-cokali. Sannan abin da aka dama ya yi laushi, sannan mai ɗan tauri, sai bayan wata ɗaya zuwa biyu a dawo ga abincin mutane. Ko an dawo, ƴar tasar yaro ce, a tauna har ya zama kamar kunu kafin a haɗiye, a yi minti ashirin ko talatin a kai. Mu kuma ga yadda muke cin tuwo: a yanko loma, a dangwala miyar kuka, a tura, ba ruwan haƙori. Loma ɗaya irin wannan ta isa ta toshe ƴar jakar nan ta dawo da amai. Ba a haɗa ci da sha, sai an bar rabin awa tsakani. Kuma da yake wurin kaɗan ne, dole a fara da abin da ke gina jiki, ƙwai, kifi, nama, wake, awara, nono, a ƙalla giram 60 na sinadarinsa a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 gare shi, ku lissafa. A gidan da ake zuba abinci a tire ɗaya, nama yanka biyar, hannuwa takwas, wace uwa ce za ta ware wa kanta wannan kullum yara na kallo? Hajiya tana da hali, za ta iya. Da yawanmu ba za mu iya ba.

Sai sukari. Da yake babu tumbin da zai riƙe abinci ya sake shi a hankali, abu mai zaƙi ko mai maiƙo yana faɗawa hanji kai tsaye. Cikin minti goma zuwa talatin sai zufa, bugun zuciya, jiri, murɗar ciki, gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jininsa ya faɗi, ya ji kamar zai suma. Ƙanwar ma'ajiya ta ce da ta zo gida hutu, a wurin wani suna aka matsa mata da kofin zoɓo, ta ji nauyin ƙin karɓa, ta sha rabi. A ɗakin mai jego ta kwanta har la'asar, mata na cewa ko iska ce ta taɓa ta. Ku dubi hidimominmu: lemun kwalba, zoɓo, kunun zaƙi, fanke, cincin, shayi zagaye uku. Ƙin cin abincin biki a wajenmu kusan zagi ne. Wadda aka yi wa aikin nan sai ta koyi cewa "na gode, ba zan iya ba" ga surukarta, ga ƙawar amana, ga maƙwabciyar da ta aiko da kwano, kuma ta ci gaba da faɗa shekara da shekaru.

Ruwa ma aiki ne. Ana son lita ɗaya da rabi a yini, leda uku ke nan ta piya-wata, amma kurɓi-kurɓi, ba a kafa kai. A Faransa wannan ba komai ba ne. A nan, a watan Afrilu, zafi ya haura 40, mutum ya dawo daga kasuwa maƙoshi a bushe, a ce masa kurɓa uku ka dakata. Ƙishirwa na iya kai mutum ga ƙarin ruwa a asibiti, tana kuma taɓa ƙoda. Saboda haka ne lokotoro kan ce kada a ɗauki azumin farko bayan aiki, na gaba ma sai da shawararsu. Hukuncin ramuwa ko ciyarwa na malamai ne, su za a tambaya. Abin da muka lura da shi kawai shi ne buɗa-bakinmu, kunu da sukari da ƙosai da ruwan sanyi a lokaci guda, shi ne daidai abin da aka hana.

Babbar maganar ita ce magani. Farkon hanjin nan da aka kewaye, nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarin jini da na ƙashi. Bitamin B12 kuma sai da taimakon tumbi yake shiga jiki. Don haka wadda aka yi wa baifas za ta sha bitamin kullum har ƙarshen ranta: mai haɗe-haɗe, da ƙwayar ƙarin jini irin wadda ake ba masu ciki a wurin awo, da kalsiyom da bitamin D, B12 kuma sau da yawa allura ce duk wata uku. Ga awon jini, sau da yawa a shekarar farko, daga baya a ƙalla sau ɗaya a shekara. Wadda ta yi sakaci ba ranar za ta gani ba. Sai bayan shekara biyu ko uku ta fara jin kasala, ƙafafu na mata kamar ana tsira allura, mantuwa, ƙashi ya yi rauni, kuma lalacewar jijiya ba kullum take gyaruwa ba. In amai ya ƙi tsayawa a watannin farko, rashin bitamin B1 na iya taɓa ƙwaƙwalwa cikin makonni. Ungozoma ta tuna mana cewa kusan rabin matan ƙasar nan da ke shekarun haihuwa dama jininsu bai cika ba. Mu kuma mun san halinmu da magani: in an ji sauƙi a ajiye, in kuɗi ya yanke a ce sai wata ya kama. Muka kai sunayen farmasi. Wasu akwai, wasu sai an yi oda daga Yamai, kuma kuɗin wata ɗaya ya ninka zubin Hajiya na wata sau da yawa.

Akwai kuma maganin da za a rabu da shi. Ibuprofen da diclofenac, waɗannan na ciwon jiki da masu tebur da masu yawo da kwali ke sayarwa ƙwaya-ƙwaya, suna haddasa gyambo a wurin ɗinkin. Hajiya kusan kullum sai ta sha ɗaya saboda gwiwa. Paracetamol ba laifi.

Ga ƙannenmu masu sauran haihuwa, tun da tallar su ta fi nema: ba a son ciki sai bayan wata 12 zuwa 18, lokacin da jiki ke zubewa, don ɗan ba zai sami abin da yake buƙata ba. Abin mamaki kuma, rama na buɗe haihuwa, wadda ta daɗe tana nema sai ta samu ba shiri. Ƙwayar tazara ta sha ba a dogara da ita bayan baifas, don hanji ba ya tsotse ta yadda ya kamata, sai dai ta sawa a hannu ko a mahaifa. Wannan magana ce da sai an zauna da maigida tun kafin a sayi tikiti.

Sai bakin mutane, wanda babu shi a takardar kowane asibiti. Mace ta yi tafiya, ta dawo, cikin wata shida ta zube, gashi na kakkaɓewa, don hakan na faruwa tsakanin wata na uku da na shida kafin ya dawo, fatar hannu da ta ciki ta saki. Kun san abin da unguwa za ta ce. Wasu su ce ciwon zamani ne, wasu su ce kishiya ce ta yi mata, wasu su ce kasuwa ta karye. Mijinta ma sai an tare shi a masallaci. Hajiya ta ce ita wannan bai dame ta ba, duk wanda ya tambaya za ta ɗaga masa riga ya ga hujin. Mun yarda da ita, don mun san bakinta. Muka kuma yi mata lissafi: kashi 30 cikin 100 na 118 kilo 35 ne, za ta tsaya wajen 83. Ba siririya za ta zama ba, mace ce mai jikinta, sai dai mai iya tafiya. Kuma bayan wasu shekaru wani abu kan dawo, musamman ga mai yawan ciye-ciye da shan zaƙi kaɗan-kaɗan, ciwon sukari ma yakan dawo wa wasu.

A manyan asibitocin da suka saba, mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu ne ke rasuwa a watan farko. Ba yawa, amma sharaɗin shi ne in matsala ta taso a gan ta da wuri. Ɗinki na iya yoyo a kwanakin farko, alamarsa zuciya na gudu fiye da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki. Jini na iya daskarewa a ƙafa ya tafi huhu, doguwar tafiyar jirgi kuma tana ƙara wannan. Bayan shekaru hanji na iya shigewa wani lungu ya shaƙe, abin da ke buƙatar hoton sikana da mai fiɗa da ya san yadda aka juya cikin, cikin awoyi, ba kwanaki ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita fiye da 600 ne. A Faransa, inda inshorar gwamnati ta biya wa ƙanwar ma'ajiya, sai da ta yi fiye da wata shida tana ganin masanin abinci da lokotoron tunani da na zuciya kafin a sa mata rana, kuma har yau suna kiranta awo. Ko Turawa da ke tsallake wannan shiri su tafi inda ya fi araha suna gamuwa da abin da ba su so: a 2023 BBC ta ba da rahoton ƴan Ingila bakwai da suka mutu tun daga 2019 bayan an yi musu aikin rage ƙiba a Turkiyya.

Ita Hajiya ta hannun wani dillali ta sami labari, a WhatsApp, da hotunan "kafin" da "bayan". Ya ce Euro 5,000, da otal da mota, kwana bakwai an gama. Muka rubuta masa tambayoyi da Faransanci. Wane ne zai yi aikin, kuma nawa yake yi a shekara? Baifas ne ko silib, kuma me ya sa? In ɗinki ya yi yoyo aka ƙara kwana goma, wa zai biya? Za a ba ta cikakkiyar takardar abin da aka yi mata, da harshen da lokotoronmu ke karantawa? Wa zai riƙa duba ta in ta dawo? Amsarsa ga kusan duka ita ce ba matsala, Madam, a turo rabin kuɗi a riƙe mata wuri. Bai tambayi awon sukarinta ba, bai tambayi magungunan da take sha ba. Ungozoma ta ce ko akuya za ka saya sai ka buɗe bakinta, shi wannan ko hakan bai yi ba.

Kuɗin kuwa, Euro ɗaya sefa 656 ne, 5,000 ya kama miliyan 3 da jika 280, ban da jirgi, ban da mai rakiya, ban da bitamin. Mu talatin ne, kowace tana zuba dala ɗari a mako, jika 15 ke nan, a shekara jika 780. Wato zubinmu duka na shekara huɗu bai biya ba. Dokarmu kuma ta ce bashi na sana'a ne, ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, kuma cikin wata uku ake maido shi. Ko kuɗin na nan, da mun ba ta, da mai ƙuli-ƙuli da mai kiwo sun zauna babu jari. Hajiya ƴar kasuwa ce, ta riga mu gama lissafin. Ta ce dama rabi take nema, sauran za ta sayar da filinta. Rabin ma ya fi ƙarfin akwati.

Ba mu ba da bashin ba. Daga asusun taimako muka biya mata mota zuwa Yamai da awon jini, ta ga lokotoron ciwon sukari, ungozoma ta raka ta. Ya sauya mata magani, ya raba ta da diclofenac, ya ce maganar aiki ba shirme ba ce ga mai irin nauyinta, amma ta hannun asibiti ake binta, da takarda daga lokotoro zuwa lokotoro, kuma sai ta sami wanda ya yarda zai riƙa duba ta a nan. Ya ce ta fara rayuwar bayan aiki tun yanzu, wata shida: ƙaramin kwano, tauna, raba ci da sha, barin lemu, bitamin a kan lokaci, tafiya bayan asuba gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. In ta iya riƙe wannan da tumbinta cikakke, za ta iya bayan an rage shi. Ya kuma ambata mata allurar nan ta mako-mako, irin su Ozempic, mai rage ci da sukari, amma tana da tsada, tana son firiji, in an daina nauyi na dawowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024 cewa akwai jabunta a kasuwa. Hajiya ba ta fasa niyya ba, filin ma ta sa an yi masa kuɗi. Ra'ayinmu, in ta cika sharuɗɗan nan ta tafi, za mu raka ta tasha da addu'a, ba za mu ce ta yi wauta ba. Jikinta ne, ita ke kwana da shi.

Wani abu kuma ya fito daga zaman da ba mu nema ba. Muna cikin maganar kuɗin da ake kashewa a rage jiki, sai wata ta ce to ƴaƴanmu fa da ke kashe nasu su ƙara? Nan aka fara tonawa. Kusan kowace ta san budurwa ko amarya da ke shan "sha ka fashe" kafin biki. Ungozoma ta ce yawanci abu biyu ne: dexamethasone, maganin kumburi da asma mai ƙarfi, da wani na ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki da sa barci. Na farkon ba ƙiba ta lafiya yake sawa ba, fuska ce ke kumbura da wuya da ciki, ƙafafu su sirance, fata ta tsage, ya tayar da sukari da tansiyo, ya cinye ƙashi. Wato da dala ashirin yarinya ke sayen ciwon da Hajiya ke neman miliyoyi ta rabu da shi. Ta ja kunnenmu da abu ɗaya, mu ma muna isar muku: wadda ta daɗe tana sha kada a ƙwace a hana ta rana ɗaya, don jiki ya saba, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ita har ta rasa rai. A kai ta asibiti, a faɗi gaskiyar abin da take sha da tsawon lokacin, su rage mata a hankali.

Daga ribar bana mun sayi na'urar awon tansiyo da sikeli, suna zaune kusa da akwati, ungozoma na auna duk mai so kafin a fara zubi. Lemun da mai karɓar baƙi ke saye ranar taro an mayar da shi ruwa da gyaɗa, ko da yake Inna ta ce ita ba da ita aka yi wannan doka ba, tana zuwa da nata a jaka.

Saura magana ɗaya da ta raba mu. Wasu na son a buɗe zubi na uku, na lafiya zalla, dala ashirin a mako, wanda za a riƙa ranta wa mai awo ko mai sayen maganin wata-wata ba tare da riba ba. Wasu sun ce ciwon sukari da tansiyo ba sa ƙarewa, mutum biyar za su shanye shi, sauran su yi ta zubi a banza. Ma'ajiya ta ce in za a yi, sai an rubuta iyakar abin da mace ɗaya za ta ɗauka a shekara. Mun ajiye ƙuri'a sai ranar fasa asusu, bayan kaka. In akwai ƙungiyar da ta riga ta gwada irin wannan, a Yamai ko Tawa ko Damagaram, ta aiko mana da dokokinta ta hannun masu wannan jarida kafin lokacin, mu karanta wa mata a zama.